Tsohon kati, sabon kati, ko bugun Yamai: ta ina mai tara zanen mata masu karatu zai fara?

Ɗiyar yayana ce ta jawo wannan rubutu. Wata Lahadi ta zo mini wuni Yantala, ta iske na baje akwatina bisa tabarma ina kakkaɓe ƙurar hunturu, sai ta zauna tana ɗaga katunan ɗaya bayan ɗaya. Katin wasiƙa ne, wanda ƴan lakkwal ke ce wa kart fostal, sai dai nawa ba irin na raƙuman dawa na Kure ko gadar Kennedy ba ne da ake sayar wa baƙi. Aikin masu zanen dā ne, kuma kowane kati mace ce tana karatu, wata littafi, wata wasiƙa, wata jarida. Tun ina ƙaramar malama nake tara su, yanzu sun cika akwatin ƙarfe guda.

Da ta gama kallo ta ce, "Goggo, ni ma zan fara. Jika 30 gare ni. Me zan saya?"

Na ba ta amsa a tsaitsaye, amsar ba ta kwanta mini ba, shi ya sa na zauna na rubuta ta da tsawo, ko wani zai amfana.

Hanya uku ce gaban mutumin Yamai. Ko ya nemi tsofaffin katuna a hannun dillalan intanet, waɗanda aka buga tun kafin a haifi iyayenmu. Ko ya yi sautun sababbi daga kantunan gidajen zane na Turai da Amurka. Ko kuma ya sauko da hoton zanen daga shafin gidan da ke ajiye da shi, ya kai wa mai buga hoto nan cikin gari. Duka ukun na bi, duka ukun sun ci kuɗina, kuma abin da kowace ta ba ni daban ne.

Kafin in yi mata bayani sai na ɗora mata kati biyu a cinya. Zane guda ne, yarinyar nan da Johannes Vermeer, mutumin Delft a ƙasar Holan, ya zana tsakanin 1657 da 1659 tana karanta wasiƙa bakin buɗaɗɗiyar taga. Zanen yana Dresden a Jamus. Tana tsaye ta ba mu gefe, fuskarta na ɗan fitowa a gilashin tagar, an shimfiɗa darduma bisa tebur da kwanon ƴaƴan itace ya karkace, ga koren labule a hannun dama kamar yanzu wani ya yaye shi. A katin farko bangon da ke bayanta fili ne, babu komai a kansa. A na biyu kuwa, bangon nan na ɗauke da babban hoton wani yaro tsirara riƙe da baka, wanda Turawa ke kira Cupid suna ɗaukarsa alamar soyayya. Tun 1979 hoton da ke ratsa fenti ya nuna akwai wani abu ɓoye a wurin, amma aka zaci Vermeer ne ya shafe da hannunsa. Sai da aka soma gyaran zanen a 2017 bincike ya nuna wani ne can daban ya shafe, bayan mai zanen ya daɗe a ƙasa. Aka bi fentin ana kankarewa kaɗan-kaɗan har 2021. Wato yarinyar mai farin bango, wadda duniya ta sani shekara da shekaru, yau ko ka je Dresden ba ka ganinta. Sai a takarda irin tawa.

Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce, "To Goggo, wanne ne na gaske?"

Na ce, "Ɗiyata, ke zan tambaya. Zanen kike so, ko katin?" Wanda zanen ya dama, na biyu zai ɗauka, don shi ne abin da mai shi ya yi nufi. Wanda katin ya dama kuwa, na farko ya fi masa, don ba za a sake buga irinsa ba. Duk sauran maganar da zan yi a kan wannan rabuwa ta tsaya.

Tsohon kati shi ne ya fi cin rai, shi ne kuma ya fi cin aljihu. Ƙasar Ostiriya ce ta fara fitar da katin wasiƙa ranar 1 ga Oktoban 1869, Faransa ta bi a 1873, kuma daga wajen 1900 zuwa yaƙin duniya na farko aka yi ta buga su ba ƙaƙƙautawa. Mai tsohon kati da bayansa yake farawa. In ka ga bayan babu layin da ya raba shi biyu, adireshi kaɗai aka bar wa wuri, to na farkon zamani ne, lokacin da sai dai mutum ya matsa saƙonsa a gefen hoto. Ingila ta yarda a raba bayan a 1902, Faransa a ƙarshen 1903, Amurka sai 1907. Girmansa ma shaida ne: na dā santimita 9 da 14 ne, na yanzu 10,5 da kusan 15. Sannan sunan maɗaba'a, ko ƴan haruffanta a kusurwa: LL, ND, Braun, duk na Faransa, galibinsu baƙi da fari ko ruwan ƙasa, Stengel na Dresden, masu launi mai kauri kamar ka lasa. In ka ɗora gilashin ƙara girma irin na masu gyaran salula, sabon kati ɗigo-ɗigo ne a jere reras, tsohon mai ruwan ƙasa kuma wani ɗan yamutsi gare shi kamar fatar lemun tsami.

Akwai wata dabara da na fi jin daɗi. Ina da mai karatun Renoir, wadda ya zana tsakanin 1874 da 1876, haske na dukan fuskarta daga shafin littafi. Abokinsa Gustave Caillebotte ne ya bar wa gwamnatin Faransa ita a wasiyyarsa a 1894. Daga nan ta yi ta ƙaura tsakanin gidajen zane na Paris: gidan Luxembourg, sai Louvre, sai Jeu de Paume a 1947, sai Orsay a 1986. Sunan gidan da aka rubuta ƙasan kati ya isa ya faɗa maka zamaninsa ko babu tambur. Nawa guda uku ne, kowanne da gidansa, mafi tsufan ba shi da launi ko kaɗan. A bayansa wata mata ta rubuta wa ƴar'uwarta layi huɗu da tawada mai ruwan shuni, cewa ta iso lafiya, ruwa ake yi, a gaida yara. Ko kalma ba ta ce game da zanen ba. Nakan karanta saƙon nan fiye da yadda nake kallon gaban.

To ga illarsa. Na ɗaya, tsohon kati makaho ne wajen launi. Renoir ba launi kamar miya ce ba gishiri, masu launin kuma sau da yawa son ransu suka bi. Na biyu, sayensa daga Yamai aiki ne. Kasuwarsa mafi girma da na sani ita ce Delcampe, wani shafin ƴan Beljiyam da aka buɗe a 2000. Katin kansa ba tsada, ana samun na yuro 1, na 2, na 5, yuro kuwa kusan sefa 656 ne ba ya motsi. Amma kuɗin aike kan ninka kuɗin kati, dole ka mallaki katin banki da ke aiki a intanet, kuma wasu dillalan da sun ga adireshin Nijar sai su noƙe. Hanyar da ta fisshe ni ita ce in sa a kai gidan wata ƙawata a Brussels, ta tara na wata shida, in mai zuwa ya samu ta ba shi. Tun 2023 da jiragen Faransa suka daina sauka Yamai, masu zuwan ma sun ragu, sai ta Santambul ko Kasablanka. Na uku, ba ka neman tsohon kati da jigo ka samu yadda kake so. Mace mai karatu tsiraru ce cikin dubban Mona Lisa da hasumiyar Eiffel. Sai ka yi wata biyu kana leƙe kafin ɗaya ta faɗo, ta faɗo kuma da tabon tsatsa ko karyayyar kusurwa.

Sabon kati na kantin gidan zane ba shi da wannan wahala ta farauta, kuma shi ne alƙali wajen launi, don masu gidan sun gwada bugun da zanen da ke rataye a bangonsu. Kuɗinsa tsakanin yuro 1 da 2. Takardarsa mai kauri ce, bayansa ɗauke da sunan mai zane, shekara, girman zanen da inda yake, abin da malama kamata ke so. Matsalar ita ce kowane kanti kayan gidansa yake sayarwa, matan nan kuwa a warwatse suke. Yarinya mai rawayar riga da Fragonard ya zana wajen 1769 tana Washintan. Matar Monet zaune cikin ciyawa da littafi, da shi kansa ya zana a 1872, tana Baltimore. Ƴar'uwar Berthe Morisot, da Morisot ɗin ta zana a 1873, tana Cleveland. Mai shuɗiyar riga ta Vermeer da tsohuwar Rembrandt ta 1631 suna Amsterdam. Mutanenmu kuwa Paris suke zuwa, da Brussels, da Dubai. Wa ka sani da ke zuwa Baltimore?

Ga kuma sha'anin sautu. Wani ƙanen maigidana ya tafi taro Paris, na ce, "Don Allah ka sayo mini katin mace mai karatu, ko guda biyar." Ya dawo yana fara'a, ya miƙo mini ambulan. Mona Lisa ce har biyar, ita da ko littafi ba ta riƙe ba. Ya ce ai ita ce kowa ke saye, layi ma ya bi. Na yi godiya, me zan ce? Tun daga ranar, duk wanda zan ba sautu sai na tura masa hoton zanen ta WhatsApp da sunan mai shi a rubuce, in ce ya nuna wa mai kanti kawai, kada ya yi shawara da zuciyarsa.

Akwai kuma kwalaye da ake haɗawa a kan jigo guda, kati 20, ko 30, har 100. In aka raba kuɗin, kowane kati ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma dare ɗaya mutum ya zama mai tari. Ban hana ba, amma a san abu biyu. Wani ne ya yi maka zaɓi, kuma zaɓin mutumin Turai ne. Masu zanen ƙarni na 19 sun iya fakewa da littafi su zana mace ba sutura, kamar ta Jean-Jacques Henner da ke Orsay ko ta Théodore Roussel da ke Tate a Landan, kuma irin waɗannan kan shigo cikin kwali. A gidan da yara ke buɗe komai, kuma surukai na shigowa ba sallama mai tsawo, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na zamanin da ya gabaci wannan kuma, yawancinsu zanen coci ne, Maryama da littafi a hannu mala'ika na yi mata bushara. Kowa ya san inda zuciyarsa ta tsaya a kan hoto, ni dai a akwati nake ajiye nawa, ba na rataye su ɗakin da nake salla. Abin da nake cewa kawai, a nemi ganin jerin abin da ke cikin kwali kafin a biya.

Cikin na cocin akwai wadda ba na gajiya da ita, ta Rogier van der Weyden, tun kafin 1438, tana Landan. Mace ce zaune a ƙasa bisa jan matashi, da koriyar riga, ta jingina da kabad. Guntu ne aka yanko daga wani babban zane, shi ya sa ake ganin ƙafafun wani da gangar jikin wani a gefenta ba kawuna. Wasu guntayen biyu suna Lisbon. Abin da ya kama ni shi ne littafin: an yi masa riga da farin ƙyalle, ta riƙe shi ta cikin ƙyallen, yatsunta ba su taɓa bangon ba. Duk wanda ya ga yadda tsofaffinmu ke naɗe Alƙur'ani a zane kafin su sa a gafaka ya san wannan riƙo.

Hanya ta uku ita ce wadda na daɗe ina rainawa, yanzu kuwa ita na fi bi. Manyan gidajen zane da dama sun saki hotunan tsofaffin ayyukansu kyauta, masu nauyi sosai, kowa ya sauke ya yi abin da ya ga dama. Rijksmuseum na Amsterdam ya buɗe nasa a 2012, Metropolitan na New York a 2017, na Chicago a 2018, na Cleveland a 2019, kuma babban gidan zane na Washintan ma haka yake yi. Wato Fragonard, Morisot, Vermeer mai shuɗiyar riga, Rembrandt, da matan Corot guda biyu, wadda ke karatu a fili da wadda aka katse wa karatu ta dafe kai, duk suna hannunka da ƴan megas kaɗan. Ba kowane gida ne ya saki ba, sai an duba sharaɗin da ke ƙasan hoto. Kuma na masu zanen baya-bayan nan na da masu shi: a Turai haƙƙi na tsayawa shekara 70 bayan mutuwar mai aiki, don haka Matisse da ya rasu a 1954 ya fita a farkon 2025, Picasso da ya rasu a 1973 da saura.

Sauke hoto ba wuya, bugawa ce ke da tarko, kuma na faɗa cikinsa. Karo na farko na tura wa wani mai buga hoto yarinyar Fragonard ta waya, na ce ya fitar mini 10 da 15. Da yamma na aiki yaro ya karɓo. Yarinyar da na sani mai kumatu, zaune da ƙaton matashi a bayanta, ta riƙe ɗan littafi da hannun dama ta lanƙwasa ƙaramin yatsa, sai ga ta ta dawo doguwa siririya kamar ta tashi daga jinya, rigar da ke rawaya kamar ƙwaiduwa ta koma kalar manja. Laifin rabi nawa ne. Zanen santimita 81 ne da 65, takardar hoto kuma ta fi haka tsawo in an kwatanta, to injin sai ya ja hoton ya cika takarda, ko ya datse gefe. Maganinsa a shirya hoton tun a gida, a bar masa farin gefe sama da ƙasa, a ƙasan ma a rubuta sunan mai zane da shekara. Sannan WhatsApp na matse hoto in an tura shi haka kawai. A tura shi a matsayin takarda, ko a kai shi a kile ta USB. Don girman kati ana son ɗigo kamar 1200 da 1800, ƙasa da haka fuska kan dushe. Kuma a tsaya a wurin. A ce a fitar da ɗaya tak, a fito da shi hasken rana a duba, kafin a ce a buga ashirin. Ni da rigar Fragonard nake gwada kowane mai bugu: in rawayar ta fito rawaya, ɗaurin ribon ɗinta ya fito ruwan shuni ba baƙi ba, to hannunsa ya yi.

Bugun ma iri-iri ne. Na ƴar na'urar tawada da ke shagunan fotokofi shi ne mafi arha kuma mafi saurin mutuwa, gumin yatsa kaɗai na iya ɓata shi. Na masu wanke hoto ya fi kyan launi da jimiri, sai dai takardar siririya ce, tana nannaɗewa, bayanta da tambarin kamfani kuma ba ta karɓar alƙalami sosai. Na masu buga katin aure da na suna, a takarda mai nauyin giram 300, shi ne ke kama da katin gaske a hannu, har ana iya buga masa baya da layin adireshi. Na fi son mara sheƙi, don mai sheƙi na riƙe sawun yatsa kuma yana mannewa da ɗan'uwansa in zafi ya yi.

Abin da bugun gida ya fi sauran biyun da shi, ban da arha, shi ne kai ke zaɓe. Ba wani kantin Paris da ya taɓa ba ni yarinyar Osman Hamdi Bey, mai zanen Turkiyya da ya rayu daga 1842 zuwa 1910, wadda ya zana a 1880 durƙushe gaban marikin Alƙur'ani tana karatu, zanen da aka sayar a Landan a 2019 kan fam miliyan 6 da ɗoriya. Da kaina na buga ta. Ranar da na sa ta cikin akwati na lura da abin da ya daɗe yana damuna ban ba shi suna ba: duk akwatin nan babu mace baƙa ko ɗaya. Ba don matanmu ba su yi karatu ba. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta na bin ƙauyuka suna karantar da mata, a daidai zamanin da Corot ke zana nasa. Ba a zana su ba ne kawai. Tsofaffin katunan zamanin Nasara na ƙasashenmu kuwa, irin na Fortier da ke bugawa a Dakar a farkon ƙarni na 20, da ka ga yadda aka tsayar da mata gaban kyamara ka san ba littafi aka zo nema a hannunsu ba.

Inda bugun gida ya gaza a fili yake. Ba shi da tarihi, ba wanda ya taɓa lasa masa tambur, ba mai saye a hannunka, kuma ba mai tari da zai ba ka nasa na gaske ka ba shi wannan. Kada ma a yi ƙoƙarin ɓad da shi. Ni kowanne nakan rubuta "bugun Yamai" da shekara a bayansa da fensir.

Saura abin da masu ba da shawara daga Turai ba su sani ba, wato garinmu da kansa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kuran na ɗaukewa, ɗaki ya zama tanda. Albam ɗin hoto mai leda mai taushi, irin na bukukuwa, a wannan zafi yakan yi gumi ya manne da fuskar kati, in ka ɓamɓare ya taho da launi. Roba da aka ɗaure kati da ita takan narke ta bar layi. Rana na cinye rawaya da ja ta bar shuɗi, shi ya sa hotunan da ke tagar shaguna duk suka koma ruwan bula. Ƙurar hunturu na gogar fuskar kati kamar yashi, damina kuma ta kawo laima da tabo. Sai uwa uba gara. Wata shekara na tafi hutun damina garin Tawa, na bar wani kwali a ƙasa jingine da bango. Na dawo na ɗaga, gindinsa ya zauna a wurin, ƙasa ce ta zubo. Kati goma sha ne suka tafi, huɗu tsofaffi. Na bugun gida na sake bugawa a mako guda. Sababbin na sake yin sautu a hankali. Tsofaffin huɗun har yau ban sake ganin irin biyu daga cikinsu ba. Tun daga nan sai akwatin ƙarfe, bisa tebur, nesa da bango, kowane kati da farar takarda tsakaninsa da na kusa. Kuma don Allah kada a kai tsohon kati a manne masa leda kamar takardar haihuwa. Mun saba da yi wa kowace takarda haka, amma zafin injin da gam ɗinsa ba sa fita, katin ya tashi daga aiki ke nan.

Wasu za su ce na manta da musaya ta gidan waya. Akwai shafin Postcrossing da wani ɗan Fotugal ya kafa a 2005, ka aika wa baƙo kati, wani baƙon ya aiko maka, kana iya rubuta irin wanda kake so. Yana da daɗi ga mai akwatin gidan waya da haƙuri, amma abin da ya zo shi ne rabonka, yau mace mai karatu, gobe kyanwa. Ƙari ne, ba a gina tari a kansa.

Jika 30 kusan yuro 45 ne. In ta zuba su duka a tsofaffi, da kuɗin aike da komai, abin da zai iso hannunta ba zai cika tafi ba, sai bayan watanni, kuma ba ta riga ta san abin da idonta ke so ba. In ta sayi kwali, za ta samu da yawa, rabinsu ba za ta sake kallo ba. Abin da na ce mata shi ne ta ware kamar jika 10 ta buga zane 20 ko 30 da ta zaɓa da kanta, ta sayi ƙaramin akwatin ƙarfe a Katako, sauran ta riƙe har a samu mai zuwa Paris ko Amsterdam ya sayo mata sababbi ko goma, waɗanda za ta riƙa gwada launin bugunta da su. Tsoho kuwa ta bari sai shekara ta zagayo. Lokacin za ta ga akwai zane ɗaya ko biyu da hannunta ke komawa kansu kullum, to su za ta bi ta nemi tsofaffin katunansu, zamani bayan zamani, kamar yadda na yi da Renoir. Da tana da ɗan'uwa zaune a Beljiyam, ko kuma tambur da hatimin gidan waya ne ke burge ta fiye da fenti, da na ce ta fara da tsofaffin kai tsaye. Da kuma don aji take so, ta nuna wa ɗalibai, da ban ma kawo zancen kati ba, sai ta buga manya.

Ba ta ce komai ba, tana ta juya tsohuwar Rembrandt. Tsohuwa ce lulluɓe da mayafi, fuskarta a inuwa, haske ya faɗo daga bayanta bisa ƙaton littafi, ta shimfiɗa hannunta mai tamoji a kan shafi tana bin layi. Ta ce, "Goggo, wannan ai hannun Kaka ne." Haka ne kuwa, haka mahaifiyarmu ke dafa shafi bayan sallar asuba, ni ban taɓa lura ba sai da ta faɗa. Ta ce da ita za ta fara, na tura mata hoton a waya.

Da za ta tafi ta ɗan yi jim a bakin ƙofa, ta ce ko zan ba ta yarinyar Vermeer mai farin bango, tunda ina da biyu. Na ce wannan kam sai dai ta ci gado. Na buɗe akwati na ba ta Mona Lisa uku.